Tsohon Gilashin Kyamara Akwai Daɗi, Amma Ba da Bikin Mutane Ake Gwaji Ba

Duk wanda ke zama da masu ɗaukar hoto a makarantar nan ya san wata sabuwar gardama ta shigo, har ta ture tsohuwar rigimar Canon da Nikon gefe. Yanzu maganar gilashin kyamara ake yi, wato abin nan da ake ɗaurawa a gaban kyamara wanda muke ce wa lens. Wasu sun dage cewa tsohon gilashi na zamanin kakanninmu, na ƙarfe zalla, wanda ake murzawa da hannu kafin hoto ya fito, shi ne kaya, na yanzu kuwa roba ce aka yi wa ado. Wasu kuma sun ce yayi ne kawai aka kwaso daga YouTube da TikTok. Ni dai ina ajin ƙarshe, na riƙe duka biyun na yi aiki da su, kuma ga inda na tsaya: idan kyamararka ɗaya ce, kuɗin da ke hannunka na gilashi ɗaya ne, kuma hoton mutane kake ɗauka suna biyanka, to ka sayi na zamani. Tsohon ya jira ka, ai ya saba jira.

Kada wani ya ce wannan hira ce ta 'yan gayu. A makarantar nan akwai ɗaliban da kyamara ce ke biya musu kuɗin rajista, ita ce kuɗin ɗaki, ita ce garin kwakin ƙarshen wata. Ranar rantsar da sababbin ɗalibai suna bakin ɗakin taro tun da sassafe. Ranar da masu fita ke rubuce-rubuce a fararen riguna su ne ke ta kai-komo a rana. Asabar da Lahadi kuma suna wajen kamu ko dina a cikin gari. Mafi yawanmu da ƙyar muka haɗa kuɗin kyamara ta hannu, Canon 600D ko 700D, Nikon D3200, mai ɗan hali ya sami Sony a6000. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan hoto kuwa daga waje ake shigo da su. Don haka wanda ya yi wata shida yana adashi domin gilashi, in ya sayi wanda bai dace da aikinsa ba, ba lallai ya sake samun damar gyara ba kafin ya gama makaranta. A irin wannan hali ne wani zai zo ya raɗa maka cewa akwai wani gilashin Rasha mai arha wanda har a Hollywood ake aiki da shi. Wa zai ƙi saurare?

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Gilashin da ake nufi shi ne Helios 44-2, mai tsawon milimita 58 da buɗi f/2. A tsohuwar Tarayyar Sobiyet aka yi ta ƙera shi, miliyoyi, ana ɗaura shi a kan kyamarorin Zenit. Asalin tsarinsa na Biotar ne, wanda kamfanin Carl Zeiss ya ƙera a Jamus tun kafin yaƙin duniya na biyu, bayan yaƙin kuma Rashawa suka kwashi injuna da zane-zanen kamfanin suka ci gaba da nasu. Abin da ya sa ya yi suna shi ne yadda yake murɗa bayan hoto. Ka tsayar da mutum a gaban bishiyar darbejiya da yamma, haske na ratsa ganye, sai ka ga bayan nan ya zagaye shi kamar guguwa, shi kuma ya fito tas a tsakiya. Greig Fraser, wanda ya ɗauki fim ɗin The Batman na 2022 da Dune: Part Two na 2024, ya yi amfani da irin waɗannan gilasan Sobiyet a wasu fitowa. Akwai kuma Takumar na kamfanin Asahi na Japan, da tsofaffin Nikkor, da Rokkor na Minolta. Wallahi in ka murza zoben fokas na Takumar mai lafiya, za ka ji kamar kana juya cokali a cikin zuma. Na zamani mai arha ba ya kusa da shi a wannan fanni, kuma ba zan yi musu ba.

Sai dai masu kawo mana labarin Batman suna tsallake rabin labarin. Gilasan da aka yi fim ɗin da su, sai da wani kamfani mai suna IronGlass ya kwance su ya sake musu sabon jiki na aikin fim. A wajen ɗaukar irin wannan fim akwai mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai riƙe fokas, an auna masa tazara, an yi alama a ƙasa inda ɗan wasa zai tsaya. In kuma ya kuskure, darakta ya ce a sake, a sake ɗin. To kai wa zai sake maka lokacin da uwar amarya ta rungume 'yarta tana hawaye? Wa zai ce wa shugaban makaranta ya ƙara miƙa wa ɗalibi takardar yabo saboda zobenka bai gama juyawa ba?

Mu fara ma da abin da mai sayarwa ba ya faɗa, wato ko gilashin zai zauna a kyamararka. Kowane gilashi an ƙera shi ne ya tsaya a wata tazara takamaimiya daga inda hoto ke sauka a cikin kyamara. Helios da Takumar masu bakin murɗawa, wanda ake kira M42, suna son kusan milimita 45 da rabi. Kyamarar Canon mai bakin EF tazararta milimita 44 ce, saboda haka ɗan siririn zobe na ƙarfe, adafta, ya isa ya cike gurbin, komai ya tafi daidai. Nikon kuwa tazararta milimita 46 da rabi ce, ta riga ta wuce abin da gilashin ke so. Ba yadda za ka yi ka tura shi ciki. Sakamakon shi ne abin da ke kusa zai fito, na nesa kuwa ba zai taɓa fitowa ba, sai in ka sayi adafta mai ɗan gilashi a ciki, wanda shi kuma yake cinye kaifin da ka biya kuɗi dominsa. Abin dariyar ma, tsohon gilashin Canon ɗin kansa, wato FD, ba ya zama lafiya a kan Canon 600D ɗinka, domin a 1987 kamfanin ya watsar da wancan bakin mai milimita 42 ya koma EF. Na ga wanda ya sayi FD yana murna wai ai Canon da Canon 'yan gida ɗaya ne. Har yau gilashin na cikin akwatinsa. Masu kyamara marar madubi, irin Sony mai tazarar milimita 18, su ne suka huta, kusan kowane tsohon gilashi yana hawa kansu. Amma mu ƙirga da gaskiya, mutum nawa ne a cikinmu ke da ita?

Ko gilashin ya zauna, akwai wata asarar. Waɗannan gilasan an yi su ne domin fim mai faɗin milimita 36 da tsayin 24. Kyamarorinmu na ɗalibai farantin da ke karɓar hoto a cikinsu ƙarami ne, tsakiyar abin da gilashi ya kawo kawai yake ɗauka, ya zubar da gefe. A Canon ana ninka tsawon gilashi da 1.6, a Nikon da Sony da 1.5. Ke nan Helios mai 58 zai koma kamar 93 a kan 700D. A cikin ɗakin amarya, inda ƙawaye goma sha biyu suka cika gado da kujera, sai ka fita tsakar gida kafin ka haɗa mutum uku a hoto ɗaya. Sannan guguwar nan da ka saya dominta a gefen hoto ta fi ƙarfi, gefen da kyamararka ta riga ta yanke. Za ka samu, amma kaɗan, ba irin wadda ka gani a waya ba.

Yanzu ga babbar maganar, fokas. A milimita 58, buɗi f/2, mutum na tsaye mita 2 daga gare ka, faɗin wurin da zai fito da kaifi a irin kyamarorinmu bai kai santimita 10 ba. Bai kai tsawon tafin hannunka ba. Mutum ya ɗan sunkuyo ya yi dariya, ido ya fita, kunne ya shiga. Kai kanka in ka ja numfashi ka ɗan karkata, an wuce wurin. Kuma ta ina kake dubawa? Ta 'yar tagar leƙe ta 600D ko D3200, ƙarama, mai duhu, wadda injiniyoyin da suka yi ta suka yi ta da tunanin cewa na'ura ce za ta riƙa nemo fokas, ido kuwa tsara hoto kawai zai yi. A cikin tagar nan komai kamar ya fito. A ɗan allon bayan kyamara ma kamar ya fito. Sai ka koma ɗaki ka buɗe a kwamfuta, ka tarar ɗankunne da sarƙa sun fito tas, idon mai su kuwa dishi-dishi. Launi ana gyara shi a Lightroom, haske ana ɗaga shi, fokas da ya kuskure kuwa sai dai haƙuri.

A nan ne nake ganin ya kamata mu tambayi kanmu, hoton na waye? In naka ne, kana yawo a bayan hostel da yamma kana ɗaukar awaki da masu wanki, ka ɓata ɗari ka sami biyar masu kyau, ba wanda ya yi asara. Amma yarinyar da ta kira ka ranar da ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe, mahaifinta ya taso tun daga ƙauye ya sha mota awa huɗu domin ya tsaya kusa da ita, wannan hoton nata ne. Ba ta san Biotar ba, ba ta san Jamus ta Gabas ba, kuma ba ruwanta. Fuskar babanta take so ta gani. Ka ce mata ai dishi-dishin nan salo ne, ka ji abin da za ta faɗa maka. Kuma daga ranar labarinka ya zaga hostel ɗin mata kaf, kowa ya san yadda wannan ke tafiya.

Na san amsar da za a ba ni, domin an sha ba ni ita: ai manyan masu hoto na da da hannu suka yi. Gaskiya ne. J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitso da gyaran gashin matan Nijeriya a 1968, ya tara kusan dubu, yau ana rataye su a manyan gidajen tarihi na duniya. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948. Malick Sidibé ya bi matasan Bamako wuraren rawa da dare, har ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin Venice a 2007. Babu otofokas a hannun ko ɗayansu lokacin da suka yi suna. Amma a lura da abu biyu. Kyamarorin wancan zamani an gina su ne domin ido da hannu. Canon AE-1 ta 1976, misali, a tsakiyar tagarta akwai da'irar da ke raba hoto gida biyu, kana murzawa har ɓangarorin su haɗu, ka san ka samu. Tamu ba ta da wannan. Na biyu, mai ɗaukar taro a wancan lokaci ba ya buɗe gilashi gaba ɗaya. Yakan tsuke shi zuwa wajen f/8, ya kunna filasha, ya tsaya a tazarar da ya sani, komai daga nan zuwa can ya fito. Kai ma za ka iya yin haka da Helios, sai dai da zarar ka tsuke shi zuwa f/8 guguwar ta tafi, ya koma gilashi kamar kowane, wanda bai fi 18-55 ɗin da ya zo da kyamararka ba sai nauyi. Kuma kada mu manta, kayan da waɗancan dattawa suka riƙe ba tsofaffi ba ne a lokacinsu. Kayan aikin zamaninsu ne, da su suke ciyar da iyali.

Sai maganar rana, wadda masu bidiyon Turai ba su san irin tamu ba. Gilashi yana da wani shafi a fuskarsa da ke hana haske yin tsalle-tsalle a ciki. Shafi mai hawa da yawa bai yaɗu ba sai wajen 1971, lokacin da Asahi ya fito da Takumar masu tambarin Super-Multi-Coated. Helios 44-2 shafinsa hawa ɗaya ne. A garin da rana ke fitowa a kunyace, wannan na ba hoto wani laushi mai daɗi. A nan kuwa, ƙarfe ɗaya na rana a filin taro, ga farar shadda tana walƙiya, ga farar riga, ga baƙar fuska a ƙarƙashin hula, sai hasken ya wanke hoton gaba ɗaya, fuska ta yi fari-fari kamar an shafa mata toka. Fatarmu tana son gilashin da ke riƙe bambancin haske da duhu. A ɗakin dina ma haka, fitilun nan masu juyawa kore da shuɗi suna haska ka kai tsaye, tsohon gilashi ya cika hoton da ƙwallayen haske. Guda ɗaya ko biyu a cikin albam abin sha'awa ne. Ɗari biyu kuwa, sai ango ya nemi ragin kuɗi.

Kada kuma a manta gilashin nan ya girmi iyayen wasunmu. Man da ke cikin zobensa yana bushewa ko ya narke ya gangaro kan ganyayyakin da ke buɗewa da rufewa. Fumfuna tana tsirowa a cikinsa kamar saƙar gizo-gizo, kuma damina ɗaya a ɗakin hostel mai laima ta isa ta ƙara mata ƙarfi. In ta daɗe tana cin shafin gilashin, ko an goge tabon ba ya fita. Ƙurar hunturu ita ma tana da nata rabon. Helios kuma masana'antu daban-daban ne suka yi shi cikin shekaru masu yawa, wani ya fito da kaifi, wani kamar an shafa masa man kaɗanya, sa'a ce kawai. Wanda ya nace sai ya saya, to don Allah kada ya tura kuɗi saboda hoton da aka turo masa a WhatsApp. Ka riƙe shi a hannu. Ka buɗe shi gaba ɗaya, ka haska tocilan ɗin waya ta baya ka leƙa ta gaba a karkace, za ka ga hazo ko zaren fumfuna in akwai. 'Yar ƙura ba komai ba ce, hazo shi ne matsala. Ka juya zoben buɗi ka ga ko ganyayyakin a bushe suke. Ka ɗaura a kyamararka, taka ba ta mai shago ba, ka ɗauki wani abu mai nisa kamar hasumiya ko turken sabis, ka zuƙo ka gani.

To me nake cewa a saya? Ba wani abin alfahari ba ne. Mai Canon ya nemi EF 50mm f/1.8 STM, wanda ya fito a 2015 a kan dala 125 da 'yan kai, na hannu kuma ya fi sauƙi. Mai Nikon ya nemi AF-S 35mm f/1.8G, ko AF-S 50mm f/1.8G in fuska ya fi ɗauka. A nan akwai tarko: 50mm f/1.8D ya fi arha, mai shago zai tura maka shi, amma D3200 da D5300 da 'yan uwansu ba su da injin da ke juya shi, ka koma murzawa da hannu ke nan bayan ka biya kuɗin otofokas. Ka duba harafin S ɗin nan da kyau. Akwai kuma Yongnuo na China, mai ƙara kamar injin markaɗe in yana neman fokas, amma yana nemowa. Ka ga ke nan da na ce na zamani ba ina nufin sabo dal a kwali ba. Ina nufin gilashin da ke magana da kyamararka, ta ce masa ga ido ya je, ta ce ya tsuke ya tsuke, kai kuma hankalinka ya koma kan abin da ya fi muhimmanci, wato wa ke shirin yin dariya, wa ya rufe wa amarya fuska da waya.

Na zamanin ma yana da nasa aibin, kar a ce na ɓoye. Jikinsa roba ne, in ya faɗi a kan siminti sai addu'a. Injin cikinsa ko siririyar wayar da ke ciki in ta mutu, gyaran yana iya kusan kuɗin wani. Ba na jin akwai mai 50mm STM da zai bar wa jikansa shi yana aiki, alhali Takumar ya riga ya ga jikoki. A wuri mai duhu sosai otofokas ɗin ma yakan yi ta kai-komo kamar ɗan acaɓan da ya ɓata hanya. Kuma hotonsa, in ba ka iya haske ba, bai da wani ɗanɗano, tsaf-tsaf ne kawai. Amma ɗanɗano ana iya ƙara shi daga baya, ko a samo shi ta wurin da ka tsayar da mutum da lokacin da ka zaɓa. Mafi yawan abin da muke yabawa a hotunan tsohon gilashi a Instagram, in ka duba da kyau, hasken la'asar sakaliya ne da mai hoto da ya san inda zai tsaya. Ba wa wannan mutumin 18-55 ma, sai ka yaba.

Akwai inda tsohon ya yi wa na zamani fintinkau, kuma nan ne nake ganin gurbinsa yake. Na farko bidiyo. Mai haɗa gajeren fim na furojet yana da abin da mai ɗaukar biki ba shi da shi, wato ikon cewa a sake. Kyamara na kan ƙafa, ɗan wasa ya san inda zai tsaya, zoben fokas mai dogon juyi yana ba ka damar ɗauke ido daga wannan fuska zuwa waccan a hankali, abin da zoben 50mm na roba ba ya yi da daɗi. Helios 44-2 ma yana da zoben buɗi marar ƙas-ƙas, kana rage haske ana cikin ɗauka ba a ji ba. Ga 'yan uwa masu burin shiga Kannywood ko yin nasu a YouTube, wannan kaya ne na gaske a farashin ɗalibi. Na biyu koyo. Wanda ya yi wata guda da gilashin da ba ya yi masa komai, dole ya san mene ne f/2 da f/8 a yatsunsa, ba a takardar jarrabawa kawai ba. A kan ƙananan Nikon ma ko awon haske kyamarar ba za ta yi maka ba, sai ka kalli rana ka yanke hukunci da kanka. Mun haddace ma'anar waɗannan abubuwa a aji, mun rubuta, mun ci, amma da yawanmu in aka ce su cire kyamara daga kan koren maɓalli sai gumi.

Shi ya sa ma nake ganin bai kamata ɗalibi ya sayi wannan darasi da kuɗin adashinsa ba. Makaranta ce ya kamata ta tanada. Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai, tunda a mujallarta nake rubutu, da ƙungiyar sashen aikin jarida: a cikin kuɗin da muke biya duk shekara, abin da ake kashewa a kan kanofi da lemo na dare ɗaya zai sayi tsofaffin gilasai uku ko huɗu da adaftocinsu. Ba ma sai an yi oda daga waje ba. A cikin gari akwai tsofaffin shagunan hoto da suka yi tashe a zamanin fim da wanki, wasu masu su na nan da rai, kayansu na cikin kwali a ƙarƙashin tebur. A je a gaishe su, a saya a hannunsu da daraja, a roƙi ɗaya ko biyu su zo ranar Asabar su nuna mana yadda suke auna tazara da ido. A ajiye gilasan a cikin robar da ke rufuwa ruf da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima, a buɗe littafi, mai so ya ajiye katin shaidarsa ya ara na mako guda. Sharaɗi ɗaya kawai zan so a rubuta a bangon littafin da jan biro, cewa ba a zuwa aikin kuɗi da su sai mutum yana da gilashi na biyu a jaka.

Mu da ke fita bana ba za mu ci moriyar wannan ba. Amma sababbin shugabannin ƙungiya za su zauna zaman kasafin kuɗi a farkon zango mai zuwa, kuma 'yan ajin farko da na gani suna zagaye da mai Helios ɗin nan a bakin kanti makon jiya, kowa na tambayar nawa ne, su ne ya kamata su je zaman su ɗaga hannu.